ZAUREN 'YAN KALLO: Ranar farko a tabarmar gasar kati

Ɗan kallo na gaskiya ba ya tsayawa a kallo kawai, sai ya tara. Duk wanda ya yi wayo a zamanin kaset ya san haka. Lokacin da 'Sangaya' ya fito a 1999, 'Wasila' ya biyo baya a 2000, ba fim ɗin kaɗai jama'a su ka saya ba. Kwalin kaset ɗin kan sa abin adanawa ne. Fosta na manne a shagon tela da na mai aski, kalanda na ɗakin amarya, sitika na jikin tankin babur da gilashin motar haya. Kafin zuwan 'yan wasan Hausa ma, hotunan su Amitabh Bachchan da Hema Malini ne su ka riƙe waɗannan bangwayen.

Yara kuma na su ƙananan hotunan ne, waɗanda ake yankowa daga mujalla ko ake tsinta a cikin takardar cingam, a ɗaure da roba a cusa a aljihun wandon makaranta. Kowane hoto da darajar sa. Na Ali Nuhu guda ɗaya ya kan ci na ƙananan 'yan wasa biyu ko uku a wajen musaya. Na Ibro ba ya kwantai. Bayan rasuwar Ahmed S. Nuhu a ranar 1 ga Janairu, 2007, mai hoton sa sai ya ƙara damƙe abin sa. Daga musaya kuma sai a zarce zuwa "ci": a cilla sama, wanda na sa ya faɗo ta fuska ya kwashe duka. A nan ne dariya kan koma kuka, har uwa ta fito da muciya.

Wannan ɗabi'a ta tara kati da gwada ƙarfi da shi ita ce wasu ƙasashe su ka ɗauka su ka mayar babbar sana'a, har da gasa ta duniya. A ƙasar Hausa kuwa ta tsaya a gindin bishiya ta na ɓoye fuska, saboda mugun sunan da ke bin ta. Filin na wannan watan na saurayin da zai zauna a tabarmar gasar kati ne karo na farko, da mahaifin da zai ji labari ran sa ya ɓaci, da kuma 'yan fim, domin su ma akwai rabon su a cikin zancen.

KATIN DA AKE TARAWA

A watan Agusta na 1993, wani kamfani a Amurka mai suna Wizards of the Coast ya fito da wani wasan kati da wani masanin lissafi, Richard Garfield, ya ƙirƙiro. Sunan wasan Magic: The Gathering. Bambancin sa da kartar da aka sani shi ne ba a sayen sa a kammale. Ƙananan ƙunshi ake saye a liƙe, mai saye bai san abin da ke ciki ba sai ya yage. Wani katin an buga shi birjik, wani kuma 'yan ƙalilan ne a duniya. Kowane ɗan wasa zai zauna ya tsinci waɗanda ya ga za su yi masa aiki, ya haɗa tasa rundunar, sannan ya je ya kara da ta wani. Wato tun a gida aka fara wasan, kafin a kai ga zama.

Mutanen Japan su ka ga abin, sai su ka ɗaura shi a jikin fim. Pokémon ya fara a matsayin wasan na'ura a 1996, katin sa ya fito a cikin shekarar, katun ɗin talbijin ya biyo a 1997, fim ɗin silima kuma a 1998. Shi kuwa Yu-Gi-Oh! labarin zane ne na Kazuki Takahashi tun 1996, kamfanin Konami ya fitar da katin sa a 1999. Dabarar a fili ta ke. Yaro zai ga gwanin sa a allo yau, gobe ya doshi kanti ya na neman katin mai ɗauke da shi. Fim na tallar kati, kati na tallar fim. A 2009 kundin Guinness ya rubuta cewa katin Yu-Gi-Oh! da aka sayar ya haura biliyan 22. A 2021 wani Ba'amurke, Logan Paul, ya mallaki katin Pokémon ƙwaya ɗaya tak a kan dala 5,275,000. Takarda ce fa, ko tafin hannu ba ta cika ba!

Ita gasar duniya ta Magic an fara ta a 1994 a birnin Milwaukee, inda wani matashi mai suna Zak Dolan ya lashe. Ta Pokémon kuma ta kankama daga 2004.

KATIN DA AKA SANI A GIDA

A Nijeriya, katin da ya shiga kowane lungu shi ne Whot, wanda samari ke kira wot. Shi ma baƙo ne. Wani Bature, William Henry Storey, ya fito da shi a Ingila a 1935, daga baya kamfanin Waddingtons ya ci gaba da buga shi. Can ya dusashe, nan ya samu gida.

Kati 54 ne. Akwai mai ƙwallo guda 12, mai kusurwa uku guda 12, kuros 9, kafet 9, tauraro 7, sai wot guda biyar masu lamba 20. Ana bin fasali ko lamba. Wanda ba shi da abin bi sai ya tafi "kasuwa" ya ɗauko. Lamba 2 ta sa na gaba ya ɗauki biyu. Lamba 5, a wurare da yawa, ya ɗauki uku. Lamba 8 ta tsallake shi, lamba 1 ta tsayar da kowa mai ita ya sake jefawa, 14 kuma "janar maket" ce, kowa ya ɗauki ɗaya. Mai wot shi ke zaɓen fasalin da ya ke so a bi. Wanda ya riga zubar da na hannun sa ya ci.

Mai karatu zai ce, to wannan ai kowa ya iya. Nan ne kuskuren farko. Iya wot a majalisar unguwa daban, zama a gaban baƙin fuska daban.

DAGA KATANGA ZUWA JEGA

A ɗauki misalin wani saurayi daga Katanga, a ƙasar Jega ta Jihar Kebbi. A majalisar su babu mai ja da shi. In an gama aikin fadama aka yi la'asar, shi ke tara kowa shi ke kora kowa kasuwa. Sai ya ji cewa samari sun shirya 'yar gasa a cikin garin Jega, irin wadda ake yi lokacin hutu, unguwa da unguwa. Jega kuwa mahaɗa ce. Hanyar Sakkwato zuwa Yawuri ta ratsa ta, ta Birnin Kebbi ta rabu daga nan. Saboda haka ba 'yan gari kaɗai za su zo ba. Akwai 'yan Maiyama, akwai 'yan Aliero garin albasa, har da ɗaliban jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a can a 2006, waɗanda su ka zo da dokokin wot na garuruwa daban-daban.

Dama mahaifin sa ya aike shi kasuwar Jega sayen taki. Kuɗin na cikin aljihun gaba, an soke da fil. Ya ce a ran sa, jifa ɗaya tsuntsu biyu.

Ya iso ya tarar da tabarmi huɗu a ƙarƙashin rumfa, kowace da mutum huɗu, 'yan kallo sun yi da'ira. Wani mai littafi a hannu, da ka gan shi ka ga babban yaya, ya dube shi sama da ƙasa.

"Samari, daga ina?"

"Daga Katanga, Yaya."

"Ka taɓa yi nan?"

"A'a, yau na hwarko."

"To zamna. Biyat-biyat za a raba. In kasuwa ta ƙare a ƙirga, mai yawa ya hita."

Ya zauna. Abin da bai taɓa ji ba a majalisar su, yau ya ji shi: tafin hannun sa ya jiƙe. Katin da ya saba riƙewa kamar mafici sai ga shi ya na zamewa. Ba a jima ba na gefen sa ya sako masa lamba 2. Sai ya yi murmushi ya zaro tasa biyun ya maka a kai, kamar yadda su ke yi a gida, don nauyin ya wuce kan na gaba.

"A'a, ƙane. Nan ba a tare biyu da biyu. Ɗauki abin ka."

"Amma Yaya, can wajen mu..."

"Can wajen ku na. Nan Jega ta."

Aka kwashe da dariya. Ya ɗauki biyu, ga shi kuma ya riga ya tona wa kowa cewa akwai lamba 2 a hannun sa. Baƙo ko da ido makaho ne.

Daga nan sai ran sa ya ɓaci, kuma mai fushi ba ya lissafi. Ya riƙe katin sa a buɗe, na bayan sa su na leƙe, wani ya na tari a daidai lokacin da bai kamata ba. Da ƙyar ya taso ya rage saura ɗaya a hannu, murna ta sa ya manta bai ce "las kat" ba. Aka ce ya koma kasuwa. Ya samu wot mai 20, maimakon ya yi amfani da ita sai ya ɓoye, wai sai ƙarshe zai ba su mamaki. Mamakin bai zo ba, kasuwa ta ƙare. Aka ce kowa ya baje. Ga 20, ga 13, ga tauraro mai lamba 8, wanda a ƙirga ninki ya ke ci, ya zama 16. Jimla 49. Ko minti goma sha biyar bai cika a tabarma ba aka ce ya ba wani wuri.

ABIN DA TSOFAFFIN HANNU SU KA SANI

Da zai tsaya ya kalli waɗanda su ka rage, da ya ga cewa ba sa'a kaɗai ke aiki ba. Tsohon hannu ba katin sa kawai ya ke kallo ba, na ƙasa ya ke ƙirgawa. Ya san babu 6 babu 9 a cikin wot. Ya san kuros da kafet ba su da 4, ba su da 8, ba su da 12. Ya san lamba 8 guda uku ce kacal, 14 guda huɗu. In ya ga 14 uku sun faɗi, ya san saura ɗaya ke yawo. In ya jefa wot, ya kan nemi tauraro, don bakwai ne duka-duka, da wuya na gaba ya samu. In ya lura wani ya tafi kasuwa a kan kafet, zai yi ta mayar da wasan kan kafet har sai ya cika masa hannu. In kuma ya ga kasuwa ta yi ƙasa, sai ya fara zubar da manyan lambobi tun da wuri.

Sannan ba ya magana da yawa. Surutun da ake yi a gefe, "kai wane ka mutu", "yau sai kasuwa", duk tarko ne na sabon shiga. Dokin mai baki ya fi gudu, amma ba shi ke cin tsere ba.

Kuma kafin a raba kati ya na tambaya. Nawa za a raba? Ana tare biyu da biyu? Biyar ɗaukar uku ce ko fanko ce? Ana gamawa da wot? Ana jefa lamba ɗaya biyu a haɗe? Wanda ya manta "las kat" nawa zai ɗauka? Tambayar minti ɗaya ce, amma ita ce ta raba ɗan Katanga da zagaye na biyu. Girman kai ne ya hana shi yi, kada a ce bai iya ba.

YADDA AKE KARƁAR BAƘO A WAJE

Masu gasar katin da ake tarawa sun daɗe da gane cewa in sabon shiga ya sha kunya ranar farko, ba zai dawo ba, kuma in baƙi ba su dawowa, wasa ya mutu. Shi ya sa su ka tsara abin su. Doka a rubuce ta ke, iri ɗaya a Tokyo da Landan. A Pokémon kati 60 cif ake shiga da shi. A Yu-Gi-Oh! daga 40 zuwa 60. A manyan gasa kowa zai rubuta jerin katunan sa a takarda ya miƙa kafin a fara, don kada wani ya sauya a tsakiya. Kowa zai gauraya na sa, ya miƙa wa abokin karawa ya yanka. A Magic ana ba kowane zagaye minti 50. In gardama ta taso, ba a musu, hannu ake ɗagawa a kira alƙalin wasa, kuma kiran alƙali ba abin kunya ba ne. A Pokémon ma har an raba 'yan wasa gida uku bisa shekaru, don kada a haɗa ɗan firamare da mai gemu.

Babban abin koyi shi ne tsarin da ake kira na Suwizalan, wanda aka fara amfani da shi a gasar darar Turawa a birnin Zurich a 1895. A wannan tsari ba a korar kowa don ya faɗi sau ɗaya. Bayan kowane zagaye, wanda ya ci a haɗa shi da wanda ya ci, wanda ya faɗi da wanda ya faɗi. Kafin a tashi, sabon shiga ya buga wasa huɗu ko biyar, ya haɗu da tsaran sa, watakila ma ya ci ɗaya ya koma gida da labari. Sili-ɗaya-ƙwale sai a ƙarshe, tsakanin zakaru.

Da a ce haka aka yi a rumfar nan ta Jega, da ɗan Katanga bai tsaya zuru a gefe da rana tsaka ba, zuciya na tafasa, aljihu da kuɗi. Domin a nan ne gizo ke saƙar.

TABARMA TA BIYAR

Kusan duk inda aka shimfiɗa tabarmar gasa, akwai wata tabarmar a bayan katanga wadda ba ta cikin littafin mai littafi. Masu ita ba su damu da wanda ya ci ba. Wanda aka fitar su ke jira.

Wani mai fara'a ya dafa kafaɗar sa.

"Abokina, wallahi ka iya. Sa'a ta ba ka samu ba. Taho nan baya mu ɗan taɓa, ɗari biyu-biyu ta, ba yawa. Ka rama abin ka."

Kalmar "rama" ita ce ƙugiyar. Mai jin haushi ba kuɗi ya ke nema ba, mutuncin sa ya ke so ya dawo da shi. Za a bar shi ya ci na farko, watakila har na biyu. Sai a ce a ƙara. Daga ɗari biyu a koma ɗari biyar, daga nan dubu. Kafin a kira magariba fil ɗin nan ya fita daga aljihu. Kuma ba kuɗin taki kaɗai zai bari a wurin ba. A ƙauye, suna ya fi kuɗi saurin tafiya. Ranar da iyaye su ka tashi binciken mai neman 'yar su, kalma biyu ta isa ta rushe magana: "ɗan karta".

Shi dai wannan saurayi Allah ya taimake shi. Ya taɓa aljihu, ya tuna fuskar tsohon sa da fadamar da ke jiran taki, ya ce, "Na gode, Malam. Aike aka yi ni." Aka yi masa 'yar dariya ta biyu. Wannan karon dariyar ba ta ci masa ko sisi ba. Ba kowa ke samun wannan kuɓutar ba.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, su ma Turawan da wannan cuta su ka fara. A dokar Magic ta asali, kafin a fara wasa kowa zai cire kati ɗaya daga cikin na sa ya aza a tsakiya, wanda ya yi nasara ya kwashe. Sak irin "ci" ɗin da yara ke yi da hotunan 'yan fim. Da kamfanin ya ga abin ya na kama da caca, kuma zai iya haɗa shi da hukuma, sai aka hana shi a gasa, kuma bayan 1995 ba a sake buga katin da ya dogara da wannan doka ba. Sai da aka ɗauke abin da ake azawa a tsakiya sannan uba ya iya kai ɗan sa wurin gasa da hannun sa.

Duk da haka zargin bai gushe ba. A watan Maris na 2001 malaman Saudiyya su ka ba da fatawar haramta Pokémon, kuma caca na cikin manyan dalilan da su ka kawo. Ko a yau, sayen ƙunshi a liƙe da fatan a dace da kati mai tsada, abu ne da mai hankali zai tsaya ya yi wa kallo na biyu.

A nan gida maganar ta fi haka nauyi. Aya ta 90 a cikin Suratul Ma'ida ta haɗa caca da giya a wuri guda ta hana. Jihar Kebbi na cikin jihohin da su ka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a shekarar 2000. A Kano, a watan Oktoba na 2024, Hisbah ta bi shagunan cacar ƙwallo ta rufe da dama. Wasan da babu kuɗi a ciki malamai sun yi maganganu a kai, wasu sun tsananta wasu sun sassauta da sharuɗɗa, kuma kowa ya san malamin da zai tambaya. Amma wanda aka aza kuɗi, babu saɓani a kan sa.

Misalin gasa mai tsabta ba shi da nisa da Jega. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ake lissafin farkon sa daga 1934, kuma UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2016, ya ishi kowa darasi. Ana harba bindiga, dubban masunta su faɗa Matan Fada da koma da gora. In lokaci ya cika a kawo kifi a aza a sikeli a gaban kowa. Akwai lokacin farawa, akwai na tashi, akwai alƙalai, kyauta kuma daga gwamnati da kamfanoni ta ke fitowa. Wanda bai kama komai ba zai koma gida da jiƙaƙƙen wando, amma ba wanda ya cinye masa kuɗin cefane.

Saboda haka tambaya uku ce sabon shiga zai yi kafin ya tuɓe takalmi. Ta farko, mene ne dokar wurin, kuma wa ke yanke hukunci? Ta biyu, kyautar daga aljihun wa ta fito? In wani mai shago ne ko ƙungiya ta sa riga ko rediyo, wannan daban. In kuwa kuɗin 'yan wasa ne aka tara wuri ɗaya mutum guda ya kwashe, to an dai sauya wa tuwo suna ne. Ta uku, ƙarfe nawa ake tashi, kuma ana tsayawa in an kira sallah? Wurin da aka kasa amsa waɗannan ukun, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

RABON 'YAN FIM

Yanzu a dawo kan industiri. A finafinan Hausa, da wuya a nuno kati sai a kango, hayaƙi na tashi, an baje kuɗi, 'yan sanda na tafe. Gaskiya ne akwai wannan, kuma ya kamata a nuna. Amma labarin ya fi haka faɗi. Marubucin da ke kukan labarai sun ƙare, ga ɗaya nan a zaune: yaron ƙauye, zakara a gida, kuɗin uba a aljihu, kunya a gaban jama'a, da mai fara'ar da ya dafa masa kafaɗa. Babu buƙatar bindiga ko mota mai tsada. Rumfa ɗaya da tabarma biyar sun isa lokeshin.

Abu na biyu na kasuwa ne. Shekara da shekaru ana buga hotunan 'yan wasa a fosta da kalanda da sitika, masu bugawa su ci riba, mai fuskar sau da yawa ko na man babur bai gani ba. Japan ta nuna cewa son da ɗan kallo ke yi wa gwanin sa dukiya ce, in an tsara. Kaset ya tafi, sidi ya bi shi, fim ya koma cikin waya da YouTube, amma ɗan kallo har gobe ya na son abin da zai riƙe a hannu ya ce nawa ne. Me zai hana furodusoshi su yi tunanin katin kacici-kacici na tarihin fim, da izinin masu hotuna kuma da kason su? Fuskar jarumi a gaba, tambaya a baya: wace shekara 'Turmin Danya' ya fito? Wa ya ja ragamar 'Sangaya'? A sayar da shi a kammale, kowa ya san abin da ya saya, ba ƙunshin sa'a ba. A yi gasar sa a makarantu da gidajen kallo, kyauta daga kamfani. Yaron da ya san amsar farko 1990 ce, ya san wani abu game da sana'ar da ta ciyar da dubban mutane.

Su kuma masu shirya gasa a Jega, ko Aliero, ko Maiyama, aikin su bai kai ya kawo ba. Su rubuta doka a kwali su rataye. Su karanta wa kowa kafin a raba. Su sa dattijo ɗaya a matsayin alƙali. Su bar baƙo ya buga fiye da sau ɗaya. Sannan su leƙa bayan katanga su naɗe waccan tabarmar, domin ita ce ke jawo wa sauran huɗun zagi.

Iyaye kuma, in yaro ya dawo ya ce ya je gasa an fitar da shi a zagayen farko, kafin a ɗauko bulala a fara tambayar sa abin da aka aza a tsakiya. In ya ce babu, kuma ga taki ya sauke cif, to yaron nan ya ci jarrabawar da ta fi ta tabarma wuya.

Masu tsofaffin hotunan 'yan wasa a ƙasan akwati, a karkaɗe su a adana, kada asu ya riga jikoki gani. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai rai.